Maigidana Magini da Dutsen Garinsu

Kwanan baya 'yan aikin gini suka zo haƙa tushen shago a bayan gidanmu, a wani fili da ya daɗe babu mai taka shi sai awaki. Ina zaune a inuwar dogon yaro ina jin su suna mamaki, wai ƙasar wurin baƙa ce wuluk, kuma duk inda suka haƙa sai tsingaro ya fito. Ɗaya a cikinsu ya ce ƙila gobara aka taɓa yi a nan. Ba su da laifi, bayan wutar ta mutu aka haife su. Wurin nan matoyar maigidana ce, inda yake gasa tukwanen da ya gina. Tun ranar nake ta tuna shi. Ba wai da na manta ba ne, sai dai yanzu tunanin ya hana ni sakat.

A zamanin da nake magana a kai, ba waya ke tashin mutane daga barci ba. Bayan sallar asuba, abin da ake fara ji a unguwarmu shi ne taɓare, mata na sussuka da surfe, sai hayaniyar masu jan guga a bakin rijiya, sa'an nan daga rumfar gidanmu a ji bugun maigidana. Yakan zauna a kan buzu, ya sa curin yumɓu a wani ɗan gurbi da ya haƙa a ƙasa, yana bugun cikinsa yana juyawa, tim, tim, tim, har cikin tulu ya buɗe. Nawa aikin shi ne in daka tsohon tsingaro a turmi ya koma kamar tsaki, in tankaɗe, in zuba a yumɓu tare da ƙaiƙayi, in yi ta takawa har dugadugaina su tsage. Ranar gashi kuwa duk gari ya sani, don hayaƙin kara da kashin shanu yakan rufe unguwa. Mu kan tsaya nesa muna saurare, gabanmu na faɗuwa, domin in ka ji tas daga cikin wuta, to aikin kwana da kwanaki ne ya fashe. A kasuwar Tibiri mace ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kara kunne. Kakata ba ta shan ruwan da bai kwana a randa ba, tana cewa ba ya kashe mata ƙishirwa. Yau da safe abin da nake ji injin niƙa ne da kukan moto, wato babur, da yara suna jan bido, wato jarkar roba, a ƙasa zuwa famfo. Ruwan da ke ciki yana da ɗumi, yana warin roba, kuma jikokina ba su san akwai wani irin ruwa ban da shi ba.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana raye ba, ba kuwa yanzu zan fara ba. Shi ba ɗan garinmu ba ne. Mutanensa na kudu ne, ƙetaren iyaka, ƙasar duwatsu. Yana saurayi ya zo cin rani, ya ga yumɓun da gulbi ke bari in ruwa ya janye, ya murza shi a yatsa, ya ce bai taɓa ganin mai laushinsa ba, shi ke nan ya zauna. Mu gidan noma ne tun kaka da kakanni. Da ya aiko neman aurena, mahaifina ya kira ni ya ce, “Ke, mutumen da ba ya da ko taƙi ɗaya na gona, mi za shi ba ki ki ci? Yumɓu?” Na sunkuyar da kai na yi shiru, ya kuwa gane abin da shirun ke nufi. Daga baya shi da kansa ya yanka masa gona, don ya lura mutum ne da ba ya wasa da salla, ba ya kuma shiga maganar da ba tasa ba.

Abu ɗaya ne mutanen gari suka kasa gane masa. Ba ya iya ganin wuri mai tsawo ya wuce bai hau ba. Ƙasarmu kuwa shimfiɗe take, babu komai sai rairayi da gonakin gero. Akwai wani ɗan fako mai jar tsakuwa yamma da gari, wanda yaro ma zai haye shi da gudu, amma maigidana yakan je ya tsaya a kansa kamar wanda ya isa wani wuri. In ya dawo sai ya ce da ni, “Bagobira, ƙasarku kamar faifai take. Mutum ya rayu ya mutu bai taɓa ganin garinsu daga sama ba.” Da sunan nan yake kirana. Sai ya shiga ba ni labarin dutsen garinsu, wanda ya ce tun yana kiwon awaki yake hawansa, ya san kowace tsaga da kowane kogo. Kowace shekara in an gama girbi, yakan ɗaure tukwane a raga ya aza wa jaki, ya bi kasuwanni yana sayarwa, wani lokaci ta Cadawa, wani lokaci ta wata hanyar, har ya dangana da garinsu. Can zai gaida mahaifiyarsa, ya hau dutsensa, ya dawo mana da dawa a mangala da gwiwoyi duk ƙuje. Mahaifiyata ba ta son wannan ɗabi'a. Ta taɓa ce masa, “Ɗana, dutse mazaunin iskoki ne, mi ka kai ka can?” Ya yi dariya ya ce, “Inna, iska kam akwai ta, amma irin wadda ke busar da gumi ce.”

Ni ma ban gane ba sai a shekarar yunwa. Ba sai na faɗi wace ba, wanda ya gan ta ya san ta. Ruwa ya ɗauke gero na gwiwa, ya bushe a tsaye. Rumbuna suka ƙare tun sanyi bai fita ba. Muka ci dusa, muka ci anza da aka jiƙa aka yi ta sauya wa ruwa don ɗacinta ya ragu, muka ci ganyen da a da ko akuya ba ma ba ta. Gulbi bai kawo ruwa ba, yumɓu ya yi tauri kamar ƙarfe, kuma ko an gina tukunya wa zai saya, alhali babu abin dafawa a ciki? Taɓare suka yi shiru a unguwa. Wannan shirun har yau in na tuna shi sai tsikar jikina ta tashi. A lokacin muna da ɗiya guda, 'yar fari, ta fara tafiya tana riƙe zanena. Maigidana ya ce mu tafi garinsu, ya ji an ce can sun ɗan samu. Muka bi ayarin masu gudun yunwa a ƙasa, jakin ma ya mutu a hanya, shi ya ɗauki kaya ni na goya yarinya. Ina jin nauyinta na raguwa a bayana. Da muka kusa, wata safiya ya tsaya ya nuna mini wani abu baƙi a ƙarshen sama. Na ɗauka hadari ne har na fara murna. Ya ce, “Ba hadari ba ne, shi ne.”

Mutanensa suka karɓe mu da abin da suke da shi, kuma ba shi da yawa. Ba mu daɗe ba ƙyanda ta shiga garin. Yaran da ke da ƙarfi wasu suka tashi, tamu kuwa ba ta da abin da za ta yi faɗa da shi. Ta rasu da hantsi a cinyata. Maza suka naɗe ta a ɗan ƙyalle suka kai ta maƙabartar da ke gindin dutsen. Yaran yanzu ba za su gane abin da zan faɗa ba. A tarbiyyarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya mutu kuma ba ta nuna ya dame ta. Kunya ce, kuma da ita aka san 'yar gidan mutunci. Da hawaye ya cika mini ido, surukata ta dafa kafaɗata ta ce a hankali, “Haɗiye shi, 'yata. Idon mutane na kanki. Wanda ya ba ki shi ya karɓa.” Ba mugunta ta yi mini ba, ita ma haka aka yi mata. Na haɗiye. Na tashi na taya su daka, na je rijiya, na amsa gaisuwa. Amma abinci ya daina wuce mini wuya, magana ma ta ƙafe. In an yi mini tambaya sai in tsaya ina kallon mai tambayar. Mata suka fara raɗa cewa kaina ya taɓu.

Wata safiya maigidana ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, “Taso ki raka ni, zan duba wata jar ƙasa.” Na bi shi ba tare da na tambaya ba. Muka wuce maƙabarta bai dube ta ba, ni ma ban duba ba, sai ga mu a jikin dutsen. Na tsaya na ce, “Maigida, ni ba zan iya ba.” Ya ce, “Za ki iya. Tuɓe takalmi.” Muka fara hawa. Dutsen na da kaushi a tafin ƙafa, wani wuri sai da rarrafe, wani wuri sai ya hau ya miƙo mini ƙarshen rawaninsa ya jawo ni. Ga yunwa, ga jiri, ƙirjina kamar zai tsage. Na zauna na ce ya bar ni nan in mutu. Ya zauna kusa da ni, da numfashina ya dawo ya miƙe, ni ma na miƙe. Da muka kai ƙoli, iska ta buge ni har sai da na durƙusa. Ban taɓa sanin duniya na da faɗi haka ba. Garin ya koma kamar an zubar da ƙwarya a ƙasa, mutane kamar tururuwa, shirwa na shawagi a ƙarƙashinmu, ba a samanmu ba. Sai ya ce, “Bagobira, nan babu mai jin ki sai Allah. Ni ma zan koma bayan wancan dutse, ba zan ji ba.” Ya tafi. Na daɗe a durƙushe. Daga nan wani abu ya ɓalle a ƙirjina, na yi kukan da ban san mutum na iya yin irinsa ba. Na kira sunanta da ƙarfi, na sake kira, sunan da tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba. Da muryata ta dushe na yi shiru, sai na ji daga bayan dutsen wani na shessheƙa. Da ya fito idanunsa jajur, ya ce iska ce ta zuba masa ƙasa. Muka sauko. Ranar na ci tuwo. Har ya bar duniya ba mu taɓa tayar da maganar wannan rana ba.

Da damina ta kyautata muka komo gida. Allah ya ba mu wasu 'ya'ya, suka rayu. Ni ban sake ganin dutsen ba, amma ban ƙara yi masa ƙorafin tafiyarsa ta kaka ba, kuma in mata suka yi masa dariya sai in bar musu wurin. Na san yanzu ba hawa kaɗai ke kai shi ba, har da kabarin ɗiyarmu. In ya dawo yakan ce, “Na gaishe ta,” ni kuma in ce, “Madalla,” mu shiga wata maganar. Shekaru suka yi ta tafiya, sana'ar na ta raguwa muna kallo. Tukunyar ƙarfe ta shigo, bokitin roba ya biyo, amare suka daina son randa a ɗaki. Sai ya gina tuluna ya kai kasuwa ya dawo da su, tsofaffi kaɗai ke tsayawa su taya. 'Ya'yanmu babu wanda ya koya. Babban ya yi lakol, makarantar boko, kaɗan ya bari, ya kama haya da moto a Gazawa. Uban bai tilasta wa kowa ba. Ya ce ba zai ɗora wa yaro sana'ar da shi kansa yake ganin gawarta ba. Amma bai daina ginawa ba, ko da babu mai saye, har bayan ɗaki ya cika da tukwanen da kaji ke ƙwai a ciki.

Sa'an nan kudu ta lalace. Labari ya fara zuwa cewa 'yan bindiga sun cika dajin, suna kore shanu, suna ɗauke mutane, suna ƙone rumbuna. Danginsa suka watse, wasu suka zo nan wurinmu da tabarmi a ka, kamar yadda mu muka je musu a da. Su suka gaya mana cewa garin babu kowa, kuma a kan dutsen nan ɓarayin suka yi sansani, don daga can suna hango duk mai zuwa. Maigidana ya saurara har suka gama. Kaka ta zo ta wuce bai tafi ba, wata ta zo ta wuce. Ya tsufa a cikin 'yan shekarun nan fiye da yadda ya tsufa a duk rayuwarsa. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya kai tukunya dab da fuska kafin ya ga bakinta.

Wata kaka, bayan an ɗaure gero, ya ce da ni zai tafi. Na aika aka kira babban ɗanmu. Yaron ya durƙusa ya ce, “Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Masu ƙarfi ma ba sa bin hanyar nan. Ka bari a samu lafiya, ni da kaina zan kai ka a moto.” Uban ya ce, “Kafin a samu lafiyar, idon ya tafi. Me za ka kai, makaho?” Na ce, “Maigida, ka tsufa.” Ya ce, “Shi ya sa.” Yaron ya kwana biyu yana gadinsa, da ya ga kamar ya haƙura ya koma bakin aikinsa. Ran kasuwa maigidana ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba zai wuce ba. Ya dube ni da idanun nan da suka yi fari-fari ya ce, “Wa zai kula tsoho da sanda? Zan gaishe ta, in hau sau ɗaya in duba, in dawo.” Na yi ta magana, ya yi ta saurare, daga ƙarshe ya ratsa ta gefena ya fita.

Sanyi ya shigo ya fita babu labari. Yaranmu suka je wurin jandarma, aka ce abin ƙetaren iyaka ne. Suka bi tashoshi suna tambaya, babu wanda ya gan shi. Liman ya fara yi mini nasiha irin wadda ake yi wa mai shirin takaba. Sai wata rana da azahar, zafi ya fara, wata motar kasuwa ta tsaya a bakin hanya aka sauko da wani abu a tabarma. Wasu mata masu itace ne suka tsince shi a gefen daji, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har aka samu wanda ya san garinmu. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, gashin tsakiyar kansa ya zube, ƙafafunsa sun kumbura sun fashe suna ruwa. Likita ya wanke ya ɗaure, ya ja ɗanmu gefe suka yi magana, na kuma gane daga fuskar yaron.

Labarin kaɗan-kaɗan ya fito, ina shafa masa man kaɗe. A gindin dutsen ɓarayin suka kama shi. Suka ce ya ba su lambar wayar 'ya'yansa, ya ce shi ba shi da kowa a duniya. Suka dake shi, ya tsaya a kan bakansa. Da suka ga babu abin samu, sai suka haɗa shi da wasu kamammu masu ɗebo musu ruwa daga tsohuwar rijiyar garin zuwa sansaninsu a sama. Bido a ka, safe da yamma, mai bindiga na biye. Ya ce 'yan bindigar yara ne, wasu ba su kai jikanmu ba, kuma wanda ya fi dukansa “Baba” yake ce masa. Da ƙafar ta ruɓe ya kasa tashi, suka jawo shi suka yar a bakin daji.

Na tambaye shi ko ya gaishe ta. Ya ce maƙabartar ta zama kurmin geza, ba a gane kabari. Hanyar rijiya ta gefenta ta bi, kullum yana wucewa, amma ba a barin mutum ya tsaya, sai dai ya yi mata addu'a a zuci yana tafiya. Can na ce, don in faranta masa, “To ai ka hau, Maigida. Ka hau fiye da yadda ka nema. Me ka gani daga sama?”

Sa'an nan ya ce, “Bagobira, ban gani ba. Mai kaya a ka ba ya ɗaga kai. In mun kai sama kuma sai su ce mu kwanta rub da ciki, kada mu ga hanyoyinsu. Duk hawan da na yi, ban ga komai ba sai dugadugan wanda ke gabana.”

Na ci gaba da shafa man a ƙafar da ta fi dama. Bai sake maganar dutse ba, bai kuma sake tambayar ko gari ya waye ba, don idon ya ƙarasa rufewa. Ya rasu kafin ruwan farko, da rana tsaka, ina riƙe da kansa. Da mata suka taru, na yi kukana a gabansu da ƙarfi, kuma a cikinsu babu wadda ta girme ni da za ta ce in haɗiye. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan wadda ya je gaisarwa.